Madalla da Bata, Zauren Baƙin Kano

Yaron da ya taso a Maraɗi, ko Gusau, ko Zangon Kumasi, da labarin Kano yake girma. Kawunsa mai zuwa saro kaya ya gaya masa birni ne mai ganuwa da ƙofofi, mai kasuwannin da ba a gama zaga su a yini guda, inda duk abin da ka nema za ka samu, daga allura har injin niƙa. Ya gani a fim, ya ji a rediyo, an fassara masa abin da ke rubuce a lambar motocin jihar, cewa nan ce cibiyar kasuwanci. Sai ya tara kuɗinsa, wata rana ya kamo hanya. Ko a wace tasha aka sauke shi, in dai sayayya ta kawo shi, ɗan sahu wajen Bata zai nufa da shi, domin Kantin Kwari, da Singa, da kasuwar Sabon Gari, da 'yan canjin Wapa, da masu waya na titin Beirut, duk a kewayenta suke. A nan zai fara gaisawa da Tumbin Giwa, a nan kuma zai auna abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani.

To, madalla da Bata! Sannunku da ƙoƙari, ku da aka damƙa wa amanarta.

Bata zauren Kano ce. A wasu gidajen, maigida kan sa a share zaure da sassafe, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarma, don kada baƙo ya raina gidan tun daga ƙofa. Mu mun fi ƙarfin wannan riya. Abin da wasu ke turawa bayan ɗaki, mu a bakin ƙofa muke zube shi, baƙo ya gani tun bai cire takalmi ba. Kamfanin takalman da ya bar wa wurin sunansa, wanda Tomas Bata ya kafa a garin Zilin na ƙasar Cek a 1894, ya daɗe da daina zama abin da ake zuwa nema a nan. Abin da ya tsaya daram, rani da damina, gwamnati ta zo gwamnati ta tafi, shi ne kwata.

Malam baƙo, matso ka ga kwatarmu da kyau, don ka ba da labari in ka koma. Ruwanta baƙi ne wuluk, mai kauri, ba ya gabas ba ya yamma. A samansa ledar fiya-wata ce, da robar lemo, da tuƙar rake, da ƙyallayen da tela ya zubar. In damina ta ƙarato, za ka ga an zo da shebur an yashe ta, an tara abin da aka ciro tsibi-tsibi a gefen titi, daidai gaban mai gurasa da mai yankan kankana. Ranar farko yana tsiyaya. Kwana biyu ya fara bushewa, ƙafafu da tayoyi su fara baza shi, iska ta ɗauki rabonta ta kai wa masu abinci. Ruwan farko yana sauka ya kwashe sauran ya mayar da shi ramin da aka ciro shi. Wannan shi ne tattali! Babu abin da ya salwanta, kuma baɗi ga aikin yashe kwata nan yana jiran wanda za a ba.

Masu cewa Kanawa ba sa adana tarihi su zo ga hujja. Ranar 20 ga Janairu 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdullahi, ya shigo Kano. Larabawan da ya haɗu da su a hanya sun cika masa kunne da girman birnin, har ya caɓa ado da kayansa na sojan ruwa don ranar shiga. Shi da kansa ya rubuta cewa yana wuce ƙofa gwiwarsa ta yi sanyi. Gidaje can nesa da ganuwa, a tsakaninsu kududdufai na ruwa kwance, ga fadamar Jakara ta ratsa gari ana zuba mata ƙazanta, kuma babu wanda ya ɗaga kai ya dubi adon nasa, kowa yana harkar gabansa. Da ya shiga kasuwa kuwa sai labari ya sha bamban. Ya tarar kowane kaya da layinsa, ga sarkin kasuwa mai ba da rumfuna da kula da ciniki, ga dillalai. Abin da ya fi ba shi mamaki, in mutum ya sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, ya tafi da shi har Borno, ya buɗe ya ga an yi masa algus, dawo da shi ake yi, domin sunan dillalin yana rubuce a cikin ƙunshin, a nemo shi a karɓi kuɗi. Bayan shekara 27 Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya zo ya ga saƙa da rini, ya shaida wa Turai cewa tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Yau shekara 200 da 'yan kai ke nan da zuwan Abdullahi. Abu biyu ya gani, ɗaya ya yaba, ɗaya ya kushe. Hukumar da ke cewa ga inda rumfa ta tsaya, ga inda hanya ta fara, ita muka bari ta bi iska. Kududdufin kuwa mun riƙe shi hannu bibbiyu, mun fito da shi daga cikin birni mun kawo shi Waje, mun yi masa gini da siminti don kada ya ƙafe. Da Abdullahi zai dawo ya sauka a Bata, hancinsa kaɗai ya isa ya gaya masa bai ɓata hanya ba. Allah ya saka wa magada da alheri.

Sai gadar sama, abin alfaharinmu. An fara ta a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, aka kammala a zamanin Abdullahi Umar Ganduje, ta bi saman titin Murtala Muhammad kusan kilomita 2, ta haye kan Bata da 'Yan Kura. Ba na musun cewa ta rage wa mai wucewa wahala. Amma babbar fa'idarta ita ce wadda ba a faɗa ba ranar yanka zare: ta hutar da manya daga ganin Bata. A da, dole mai jiniya ya ratsa cikin jama'a, ko ba komai ƙurar wurin ta taɓa gilashin motarsa, ya ga mai kura ya ga almajiri. Yanzu sai ya hau sama, cikin minti biyu ya sauka a ɗaya gefen, zuciyarsa fes, yana ganin rufin kwano da hasumiyar masallaci yana cewa gari ya ci gaba. Abin da ido bai gani ba, wa zai kai shi cikin kasafin kuɗi?

Baƙonmu kuwa ba wucewa ya zo yi ba, shi a ƙasa aikinsa yake. A ƙarƙashin gadar an tanadar masa inuwa kyauta, da duhu tun kafin magariba, da ginshiƙan da zarninsu ke sanar da shi cewa wurin da dubban mutane ke yini bai ishe su da bayan gida ba. Dubi waccan baiwar Allah da ta zo daga Damagaram saro atamfa. Ƙunshi a ka, goyo a baya, jaka a rungume a ƙirji saboda an gargaɗe ta da 'yan sane. Tana son tsallaka titi. Inda aka yi don masu tafiya a ƙasa, 'yan tebur sun shimfiɗa kaya. Inda ya rage, 'yan sahu sun jeru layi uku suna lodi. Ta sa ƙafa ɗaya, mai kura ya taho da buhunan sukari yana ihu, "Hanya! Hanya! Gafara dai Hajiya!" Ta ja da baya, madubin wata mota ya zunguri goyon. Ta tsaya cak a tsakiya, hayaƙin janareta da na salansa suna shiga idon yaron, har sai da wani dattijo mai sayar da goro ya taso ya ɗaga wa motoci hannu ya ce, "Wuce 'yata, Allah ya kiyaye." Da dattijon bai taso ba, da tana nan. Wane birni ne ke koya wa baƙo tawakkali cikin ƙanƙanen lokaci haka, ba tare da ya biya ko sisi ba?

Kada a ce ba a yi wa wurin tanadi ba. A 2016 an sanar da mu jirgin ƙasa na cikin gari, na dala biliyan 1.85, da kamfanin ƙasar Sin zai shimfiɗa, layuka daga gefunan gari su zo su haɗu a Bata. Gwamnatin da ta yi alkawarin ta cika wa'adinta a 2023 ba a kafa ƙarfe ko ɗaya ba. Jirgi ne mai albarka: bai taɓa makara ba, bai taɓa take kowa ba.

Ga kuma raha da muke yi wa baƙo da wuta da ruwa. A ƙarshen Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari, wadda ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ta cinye shaguna fiye da 3,000. Makonni kaɗan kafin nan ta taɓa Singa. Duk wanda ya san kasuwannin nan ya san dalilin da wuta ke samun sakewa: layukan da aka bari don mota sun zama rumfuna, wayoyin lantarki sun sarƙe kamar ba mai su, janareta da jarkar fetur suna kwana a shago ɗaya da yadi, 'yan kwana-kwana in sun zo babu ta inda za su kutsa, in sun kutsa ruwa ya ƙare. A Agustan 2022 kuma ruwan sama ya shiga Kantin Kwari, kasuwar da ake kira babbar kasuwar yadi ta Afirka ta Yamma, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na miliyoyin nairori. 'Yan kasuwar da kansu suka nuna inda matsalar take: an yi gini a kan hanyar ruwa. Shago kuwa ba ya tsirowa da kansa cikin dare. Wani ne ya auna, wani ya sa hannu, wani ya karɓi kuɗi. Sannunsu da hangen nesa, sun gane cewa magudanar ruwa ba ta biyan haya.

Inda muka fi kowa ƙwarewa shi ne gini da rusau. Wata gwamnati ta yanka gefen Filin Idi ta bayar aka yi shaguna, wadda ta gaje ta ta zo a Yunin 2023 ta rushe su. Gine-ginen da aka tayar a filin tsohon otal ɗin Daula, a kan wannan titin na Murtala Muhammad, su ma katafila ta bi ta kansu. Masu shagunan Filin Idi suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba ina raba gardamar wa ke da gaskiya ba ne, kowa da hujjarsa. Lissafi kawai nake yi: kuɗin da aka zuba aka gina, da wanda aka kashe aka rushe, da wanda aka biya diyya, kwata nawa zai gyara daga Bata zuwa Kwari? Bayan gida nawa zai gina? Motar kashe gobara nawa zai saya? A wasu ƙasashen sai mutum ya yi tafiya mai nisa ya biya kuɗin shiga kafin ya ga kufai. Mu sabo fil muke yi wa baƙo, a tsakiyar gari.

In baƙon ya gama sayayya ya ce a kai shi ya ga abin da kakansa ya ba shi labari, nan ma ba za mu ba shi kunya ba. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, wadda ta ba Baturen mulkin mallaka Lugga mamaki da ya gan ta a 1903, za mu nuna masa inda take a da. Wani wurin gida ne, wani wurin shago, wani wurin an kwashe ƙasar an yi bulo. Tun 2007 sunanta ke cikin jerin jiran hukumar UNESCO. Agadas, wadda ayarin raƙumanta ke sauka a Fagge tun zamanin da, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mu muna nan muna jira, muna rage wa masu duba ganuwar aiki kowace shekara. Karofin Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarsa da 1498, zai tarar da ramuka da yawa a bushe, 'yan marina kaɗan suna fama da baba da toka, yadin Sin mai arha ya kwashe musu kasuwa. Fatar da Kano da Sakkwato suka jeme, aka bi da ita Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, har yau majemar birnin Fas da ke can Maroko na tara masu yawon buɗe ido. Hawan Sallah kuwa, a Disambar 2024 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke taƙama da su. Muka yi murna, muka taya juna barka, Sallar da ta biyo baya aka hana hawan saboda rikicin sarauta, kamar yadda aka hana a Babbar Sallar da ta gabata. Wanda ya yanki tikiti daga wata ƙasa don ya ga Hawan Daushe, ai ya ga motocin 'yan sanda, bai yi asara duka ba.

Amma akwai abin da baƙo ke tararwa a Bata wanda ya fi abin da aka gaya masa, kuma wannan da zuciya ɗaya nake faɗarsa. Mutanen wurin ne. Ɗan dakon da za ka ɗora wa kayan rabin miliyan, ba ka san sunansa ba bai san naka ba, ya kutsa cikin cunkoso ya ɓace maka, ka iso tasha ka same shi zaune a kan kayan yana jiranka. Ɗan kasuwar Kwari da zai ba mutumin Agadas ko Njamena kaya bashi a kan magana, ba takarda ba shaida, sai an sayar a aiko. Inyamurin da aka haifa a Sabon Gari, unguwar da ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, yana ciniki da Bafagge cikin Hausar da ba za ka bambanta ta da ta ɗan gari ba, wannan ya tafi masallaci ya bar wa wancan shago, wancan ya tafi coci ya bar wa wannan. A kewayen nan ne littattafan Hausa na soyayya da kaset ɗin finafinai suka samu masu saye da masu rarrabawa, suka bazu har inda gwamnati ba ta taɓa aika littafi ba. Amanar da Abdullahi ya gani a ƙunshin turkuɗi tana nan da ranta a hannun talaka. Waɗannan mutane suna biyan haraji, suna biyan kuɗin shara, suna biyan kuɗin rumfa, ɗan sahu yana biyan nasa. Sun cancanci titin da za su taka ba tare da sun tattare riga ba. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: duk abin da ke hannun talaka a Bata ya wuce zato, duk abin da ke hannun hukuma ya gaza.

Ban wanke mu ba, mu jama'ar gari. Alhajin da ke zuwa Dubai da Gwanzu sau da yawa a shekara, ya ga yadda ake wanke kasuwa da dare, ya yi Umara ya ga ana goge farfajiyar Harami ba dare ba rana, shi ne zai dawo ya sa yaronsa ya juye kwali da leda a kwatar ƙofar shagonsa. Shi ne zai ƙara tebur biyu a kan hanya ya ba da haya. A can ko takardar alewa ba ya yarwa, domin ya san akwai mai hana shi. A nan ya san mai hanawar ma ana iya gaisawa da shi. Sannu Alhaji, Allah ya karɓi ibada.

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, da shugaban ƙaramar hukumar Fagge, da masu kula da shara da hanya da tsarin birni, da shugabannin kasuwannin nan: ba wata sabuwar gada muke roƙo ba. A yashe kwatar Bata a kwashe abin da aka ciro a ranar. A buɗe layukan da motar kashe gobara za ta bi, ko shagon wane ne ya tsaya a kai. A ba 'yan tebur wurin da za su koma kafin a tashe su, don su ma abinci suke nema. A gina bayan gida, a sa fitila a ƙarƙashin gadar, a ware wa mai tafiya a ƙasa inda zai tsallaka. Kafin ku sa hannu a kasafin baɗi, ku bar mota a Wapa, ku bar jiniya da 'yan rakiya, ku tako da ƙafa zuwa 'Yan Kura ta ƙarƙashin gadar, ranar da aka kwana ana ruwa.